Kiyashi Uku a Murfin Kwano

Ni na kamo kiyashin. Gara in faɗi wannan tun farko, don kada wani ya karanta labarin nan ya ɗauka ni wata mutuniyar kirki ce da ta tsaya a gefe tana kallo. Da hannuna na kamo su, guda uku, a gindin gwangwanin sukarina, na ɗoro su a kan 'yar takarda na kai.

Sunana Ladi, ɗinki nake yi. Shekara shida ke nan ni da maigidana muna haya a gidan Hajiya Mero da ke Badarawa. Hajiya tana ɓangaren gaba, ɗanta Yusha'u da matarsa Ummukulthum suna ciki da falon da ke kusa da rijiya, mu kuma muna can ƙurya. Tagar da nake ajiye keken ɗinkina tana kallon ƙofarsu, saboda haka ko ban so gani ba sai na gani.

Ummu ta haihu ranar Talata a asibiti, namiji, haihuwar fari. Da a gidansu ya kamata ta yi jego yadda aka saba, to amma mahaifiyarta ta rasu, a Rigachikun kuma babu kowa sai tsohon ubanta. Sai Hajiya ta ce ita za ta yi mata komai, da wankan jego da kunun kanwa. Duk unguwa aka yi ta yabon ta, ana cewa yarinya ta yi dacen uwar miji. Har da ni a masu yabon.

Ranar Alhamis da hantsi jaririn ya kama kuka. Kuka ne irin wanda kowace uwa ta sani: ya kama nono ya saki, ya sake kamawa, ya yi zuciya don bai zo masa da yawa ba. Na shayar da yara huɗu, na san kwanakin farko haka suke. Abin da ke fitowa ɗan kaɗan ne, mai kauri, rawaya-rawaya, shi ake ce wa dakashi. In aka ɗan jure, ruwan nonon yana nan tafe.

Hajiya ba ta jure ba. Na ga ta shiga ɗakin Ummu da murfin kwanon silba a hannu, can sai ta leƙo ta ƙwala mini kira.

"Ladi! Samo mini kiyashi uku masu rai."

Na taɓa jin ana gwada nono da kiyashi a ƙauye, amma ban taɓa gani ba. Na ce a raina, to me kiyashi zai yi wa mutum? Na kamo na kai.

Na tarar da Ummu a bakin gado ta juya wa bango fuska, tana matsa nono a cikin murfin, kunya kamar ta kashe ta. Da ƙyar ta tara abin da zai kai cokali guda. Hajiya ta karɓa, ta ajiye a ƙasa inda haske yake, ta kakkaɓe kiyashin a ciki. Muka sunkuya mu uku muna kallo. Kiyashin suka yi ta mutsu-mutsu a cikin abu mai kauri mai danƙo. Ɗaya ya ja jiki har kusa da baki, ƙafafunsa suka manne. Ba a jima ba duka ukun suka daina motsi.

Hajiya ta ɗago, ta tafa hannu. "Innalillahi! Da ma jikina ya ba ni. Dafi ne a nonon nan. Da mai kyau ne da sun fito da ƙafarsu."

Ummu ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Mama, a asibiti sista ta ce wannan na farkon shi ne rigakafin yaro, wai kada a zubar."

"Sistar ce ta haifa miki miji? Ke 'yar nan, biyu na binne kafin Yusha'u, saboda ba a gwada nawa ba. Da aka gwada aka gane, aka sa shi a nonon saniya, ga shi nan ya zama mutum har ya ajiye ki. Ba zan binne jika ina ji ina gani ba. Miƙo shi."

Ummu ta dube ni. Wallahi ta dube ni, irin duban da ake yi wa babba a ce ta sa baki. Ni kuwa na dubi murfin kwano. Hajiya ta sa hannu ta cire yaron daga cinyar uwarsa, ta fita da shi yana ta wawurar iska da baki.

Da yamma Yusha'u ya dawo daga aiki. A shagon buga takardu yake, shi ne ma ke kan babban injin. Yaro ne mai ilmi, mai faran-faran, in ya gaishe ka sai ka ji daɗi. Daga tagata nake jin Ummu tana roƙon sa.

"Don Allah ka yi mata magana. Kai fa ka san ba gaskiya ba ne."

"Na sani mana. Amma kin san Mama. Ki bari ta huce, kwana biyu ne kawai. Ga shi na sayo madarar gwangwani, mai kyau ce, ba ƙarama ba."

"Ni fa ina da nono. Ga shi nan yana zuwa, taɓa ka ji."

"Ummu, ba a musu da tsoho. Mu bi ta a hankali."

Wannan "a hankali" ita ce kalmar Yusha'u. Na ji ta daga bakinsa ya fi sau ashirin a cikin kwanakin nan, kuma ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa ya yi ko taku ɗaya ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne teburin Hajiya. Yusha'u kan kawo gida takardun da suka ɓaci a wajen bugu, a riƙa shimfiɗawa. Wadda ke shimfiɗe a teburin da Hajiya take haɗa madara babbar fosta ce da ya buga da hannunsa wata biyu kafin nan. Hoton wata mata ce tana murmushi da ƙaton jariri a ƙirji, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: nonon uwa zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa. Hajiya ba ta karanta boko. A kan fuskar matar nan take ajiye fida da flas da gwangwani. Wata rana ma ta nuna mini hoton ta ce, "Kin ga wannan Allah ya ba ta mai kyau." Yusha'u kuwa kullum sai ya shiga gaishe ta, ya durƙusa a gaban teburin nan, ya tashi ya fita.

Kafin ranar suna nonon Ummu ya cika ya yi tam, ya yi tauri kamar dutsen guga. Hajiya tana ba ta jiƙe-jiƙe safe da yamma wai na wanke dafi, ta sa ta matse ta zubar a makwarara. Rigar da na ɗinka mata ta fitar suna ta ƙi shiga, sai da na farke gefe da gefe na ƙara ƙyalle. Ina gwada mata tana cije leɓe. Da jaririn ya yi kuka daga ɗakin Hajiya, nan take gaban rigar ya jiƙe, sabuwar atamfa, tun ba a fita da ita ba.

Aka raɗa wa yaro suna Suhaib. Aka yanka rago, gida ya cika, aka ci aka sha. Mata suna karɓar jariri hannu-hannu, duk wadda ta ce a kai wa uwar ya sha, sai Hajiya ta matso ta raɗa mata. Kafin la'asar babu wadda ba ta san mai jego tana da mugun nono ba. Wasu suna tausaya mata, wasu suna janye 'ya'yansu daga kusa da ita.

Mahaifinta Malam Audu ya zo daga Rigachikun da kaji biyu da kwanon wake. Ta same shi a soro ta durƙusa, tana magana hawaye na zuba.

"Baba, sun hana ni ba shi nono. Ka roƙa mini Mama."

Tsohon ya daɗe yana murza hularsa. "Ummu, matar nan ta ɗauke mana nauyin da ba nata ba. Da wane baki zan je in ce ba ta iya ba? Manya sun ga abin da ba ki gani ba. Ki yi haƙuri, ki yi biyayya." Ya sa mata albarka, ya tafi neman mota tun rana ba ta faɗi ba.

Ranar Alhamis ta biyu Hajiya ta ce za a sake gwaji, a ga ko magani ya ci. Ummu ta kwana da murna, don yanzu nonon ya zama fari tas, ya tsinke. Hajiya ta sake kira na. Na kuma sake zuwa. E, na sake. Wannan karon na tsaya na zaɓi manya masu ƙarfi, ina kamawa ina yi musu addu'a kamar 'ya'yana za su shiga jarrabawa. Ku dubi wautar babbar mace mai 'ya'ya huɗu.

Murfin ya kusa cika. Kiyashin suka yi ta iyo suna zagaye. Ɗaya ya kai baki, ya kama, santsin silba ya dawo da shi. Ya sake kamawa, ya sake zamewa. Ummu tana cewa, "Ga shi nan zai fita, Mama, ga shi nan!" Bai fita ba.

"To kin gani da idonki," in ji Hajiya. "Na jini ne, ba ya jin magani. Sai a kafar da shi kawai, ki huta, yaro ya huta."

Ta sa aka kawo tsohon zani, ta naɗe ƙirjin Ummu da shi, ta ja iya ƙarfinta ta ɗaure ta baya. Ummu ta yi ƙara ɗaya ta yi shiru. Da ta ce a bar ta ko riƙe shi ta yi, Hajiya ta ce, "Ke ko kunyar ɗan fari ba ki da ita? A zamaninmu ko kallon sa ba a yi a gaban surukai."

Washegari zawo ya fara.

Ba sai an kira likita ya faɗa mini dalili ba, a gabana ake yin komai. A bakin rijiya ake ɗauraye fida, da ruwan guga, a girgiza sau biyu a kife. Ruwan flas na safe shi ne na yamma. In yaro ya sha rabi ya bari, Hajiya ta rufe sauran ta ajiye masa zuwa azahar, wai zubarwa almubazzaranci ne. Da zawon ya ƙi tsayawa sai ta ce madarar ce ta yi masa ƙarfi, ta koma zuba cokali ɗaya inda gwangwani ya ce uku. Abin da yaron nan yake sha ruwa ne mai launin madara.

Na ce mata, "Hajiya, da dai ana tafasa fidar nan."

Ta ce, "Ladi, yaushe kika zama nas? Na ɗauka tela ce."

Na yi dariya. Dariya fa na yi, na koma kan kekena.

Ranar Litinin Hajiya za ta gaisuwar mutuwa Unguwar Sarki. Ba ta bar wa uwar yaro ɗanta ba, ni ta kawo wa, da fida a cike. Na karɓe shi na duba. Yaron da aka haifa da kumatu ya koma kamar ɗan tsako a cikin tawul. Tana fita na leƙa na ga ta hau keke napep, na sa sakata a ƙofar gida, na nufi ɗakin Ummu.

Na ajiye shi a kan gado. Na kwance mata zanin, fatar wajen duk ta yi ja ta saɓule. Ta ɗauke shi ta sa masa nono. Da farko ya ƙi, ya saba da robar fida, yana ta juya kai. Tana cewa, "Kama mana, ɗan albarka, ni ce fa, kama." Ta ɗiga masa a leɓe. Ya lasa, ya tsaya, sai ya cafke.

Ban taɓa jin shiru mai daɗi irin na ranar ba. Ba ka jin komai sai haɗiyarsa, ƙut, ƙut, ƙut. Ummu tana kuka tana dariya, tana shafa masa ƙeya. Ya sha wannan ya sha wancan, ya saki da kansa, ya yi barci da bakinsa a buɗe. Ita ma barcin ya ɗauke ta a zaune. Na ce bari in bar su minti goma, in ƙarasa wuyan wata riga.

Ƙarar keke ta hana ni jin lokacin da aka zare wa wata maƙwabciya sakata ta shigo ɗiban ruwa. Sai muryar Hajiya na ji.

"La'ilaha illallahu! Kashe shi za ki yi? Ke wace irin uwa ce?"

Na fito da gudu na tarar ta fizge shi, tana goge masa baki da gefen mayafi kamar ya sha fiya-fiya. Ummu ta riƙe ƙafarta.

"Mama, dube shi, barci yake. Tun da ya sha bai yi zawo ba. Don girman Allah, Mama, ki bar mini shi yau kaɗai."

"Dafi a hankali yake ci. Duk abin da ya same shi daga yau, ke ce." Ta juyo kaina. "Ke kuma Ladi, in gidan ne ya ishe ki, ki faɗa mini. Masu nema suna da yawa."

Da maigidana ya dawo ya ji, ya ce in fita harkar da ba tawa ba, ina za mu da yara huɗu a tsakiyar zangon makaranta? Na ga gaskiyarsa. Kullum mai tsoro yana ganin gaskiyar wanda ya ce masa ya zauna.

Daga ranar Hajiya ta mayar da yaro ɗakinta gaba ɗaya. Ko banɗaki za ta shiga sai ta kulle ƙofa ta ɗaure makulli a bakin zani. Aka sake ɗaure Ummu, aka ƙara mata wani jiƙon mai ɗaci na kafar da nono. Ta daina zama a ɗakinta. Tabarma ta shimfiɗa a ƙofar Hajiya, nan take wuni, kunnenta a jikin ƙyaure. In ya yi kuka sai ta riƙe ƙirji ta riƙa jijjiga jiki gaba da baya, kamar yana hannunta.

Zawon ya dawo, ya haɗu da amai. Maɗigar yaro ta faɗa, tsakiyar kansa ya lotsa. Hajiya ta kwaɓa wani baƙin ƙulli ta manna masa a wajen, tana gaya wa duk wanda ya shigo cewa shan da ya yi ranar Litinin ne yake fita.

Ranar Laraba Ummu ta tare Yusha'u a bakin rijiya, zai fita aiki.

"Abban Suhaib, mu kai shi asibiti. Ba na ce a ba ni shi ba, na haƙura. A kai shi kawai su duba."

"Na biya kemis jiya, ya ba ni wani sirof, ya ce yana tsayar da zawo."

"Kemis bai gan shi ba. Kai ma yaushe rabon ka buɗe tawul ɗin ka dube shi?"

Ya sosa ƙeya. "Na yi wa Mama maganar asibiti. Ta ce in na fitar da shi ba da yawunta ba, sai ta ɗaga mini nono. Kina so uwata ta tsine mini? Ki bari in gama aikin da ke hannuna, ranar Asabar sai in lallaɓa ta a hankali."

Ina jin su na kusa ɗinke yatsana. Nonon da ita da bakinta ta ce bai sha ba, shi take yi masa barazana da shi, shi kuma yana rawar jiki. Ya hau mashin ɗinsa ya tafi.

Ranar Juma'a da yamma Ummu ta zo tagata. Idanunta sun faɗa, leɓenta ya bushe. Ta ce, "Anti Ladi, ya daina zuba. Ɗazu ya yi kuka, na jira in ji ya tsattsafo, ban ji komai ba." Na miƙa mata ruwa, ta riƙe kofin har ta tafi ba ta sha ba.

Asabar da safe gidan ya yi tsit. Hajiya ta fito da fara'a tana cewa, "Alhamdu lillahi, sauƙi ya samu, jiya ko uffan bai ce ba." Ta kawo baho tsakar gida za ta yi masa wanka a rana. Da ta zare tawul, ni da Ummu muka gan shi tare. Haƙarƙarinsa a jere, fatar cikinsa ta tattare kamar ta tsoho, idanu a buɗe rabi ba sa kallon komai. Yana buɗe baki alamar kuka, sauti ba ya fita.

Ummu ba ta roƙi kowa ba wannan karon. Ta sure shi daga cinyar Hajiya, tsirara, ta yi waje ba takalmi ba mayafi. Hajiya tana ihu a tare ta. Ni ce a bakin ƙofa. Na matsa mata ta wuce, na figi hijabina da tawul na bi ta. Abin kirki ɗaya ke nan da na yi da gaba gaɗi a duk labarin nan, kuma na yi shi a makare.

A asibiti wata nas mai suna Sista Aminatu ta karɓe shi. Ta ɗan ja fatar cikinsa ta saki, fatar ta tsaya a tsaye. Ta kira likita da gudu. Suka nemi jijiya a hannu babu, a ƙafa babu, sai a ka suka samu suka sa masa ƙarin ruwa. Aka zura masa siririyar roba ta hanci. Sannan sista ta miƙo wa Ummu ɗan kofi.

"Maman bebi, matso mana nono. Ba shi da ƙarfin tsotsa, ta robar nan za mu ba shi. Yanzu babu maganin da ya kai shi."

Ummu ta dube ta. "Nawa?"

"To na wa? Ba ke kika haife shi ba?"

Na kwance mata zanin a gaban sista. Da matar nan ta ga shatar ɗauri da ƙurajen da suka fito, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Wa ya yi miki wannan?" Na ba ta labari a gajarce, har da kiyashi. Ta rufe ido ta buɗe. "Baiwar Allah, ko a ruwan randa kika jefa kiyashi ai nutsewa zai yi."

Magana ce da yaron firamare ya sani. Ni ma na san ta tun ranar farko.

Ummu ta matsa. Ta matsa har tana nishi. Ɗigo ɗaya ya fito, ya tsaya, wani ya biyo shi. Rabin awa tana yi, abin da ya taru bai rufe gindin kofi ba. Ta riƙa dukan ƙirjinta tana cewa, "Ka zo mana! Da ba a so ka kana zuba, yanzu ka zo mana!" Sista ta riƙe hannunta ta ce ta daina, ta sha kunu, ta riƙa matsawa duk bayan awa biyu, zai dawo in sha Allahu. Ɗan abin da aka samu ta zuƙe a sirinji ta tura masa.

Wajen azahar Yusha'u ya iso da Hajiya. Tun daga ƙofa Hajiya take cewa kada a ba shi nonon, an gwada. Sista Aminatu ba ta kula ta ba, Yusha'u ta fuskanta.

"Kai ne uban? Ka yi makaranta?"

"Na yi."

"To karanta mini wancan."

Ta nuna bango. Matar nan ce mai murmushi da ƙaton jaririnta, irin ta teburin Hajiya sak, sai dai wannan babu zoben gindin flas a fuskarta. Yusha'u ya dube ta, ya sunkuyar da kai. Sista ba ta san wanda ya buga ta ba. Ni na sani, Ummu ta sani, shi ma ya sani.

Ummu ta wuni tana matsa, ta kwana tana matsa. Zuwa wayewar gari tana samun cokali biyu, har ta fara murmushi tana nuna mini kofi. Suhaib ya cika ranar Lahadi da hantsi, kwanansa goma sha tara a duniya. A cikinsu kwana biyu da wuni ɗaya kawai ya sha nonon uwarsa da bakinsa. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Hajiya ta yi kuka, kuma ba na ƙarya ba ne, tana son jikanta. Amma duk wadda ta zauna kusa da ita sai ta ji bayani. "Na yi iya yina. Sau biyu ana ɗura masa, na farko a ɓoye, na biyu a asibiti. Na asibitin ne ya ƙarasa shi." Mata suna girgiza kai suna cewa kwana ne ya ƙare. Yusha'u yana waje yana karɓar gaisuwa, ana yaba masa dangana. Malam Audu ya zo ya ce wa 'yarsa ta yi haƙuri. Kowa ya sami abin faɗa, kowa ya wanke hannunsa. An taru an kashe yaro da ladabi da biyayya da kunya da tsoron rasa ɗakin haya, babu wanda ya ɗaga murya, babu wanda za a kama.

Litinin da safe Ummu ta aiko a kira ni. Na same ta a bakin gado, inda na fara samun ta, gaban rigarta sharkaf har cinya. Matsar da ta yi kwana da wuni ta yi aiki. Nono ya dawo.

"Anti Ladi, ciwo yake mini."

Na ɗauko kofin silba na riƙe mata. Ba ta ma matsa sosai ba, da kansa yake zuba, fari, mai ɗumi. Kofi ya cika har baki. Ta karɓa da hannu biyu ta daɗe tana kallo.

"Ina zan kai shi?"

Na ce ta kawo in zubar mata. Ta girgiza kai. Ta tashi ta fita da shi, ta ratsa ta tsakiyar masu zaman makoki a hankali don kada ya zube, ta je gindin katanga kusa da rijiya ta durƙusa ta tsiyaye shi a ƙasa. Ba ta tashi ba. Ta zauna a wajen, ta zuba wa ƙasar ido. Mata suka fara raɗa cewa a kama ta, kanta ya taɓu.

Na je in ɗaga ta, sai na ga abin da take kallo. Kiyashi ne suka fito daga tsagar katanga. Ɗaya, biyar, can sai layi guda. Suka kewaye nonon ta ko'ina, suka kafa kai suna sha. Wanda ya ƙoshi ya juya ya koma rami da ƙafarsa, wani ya maye gurbinsa.

Tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa jin ta kama sunan mijinta ba. Ranar ta kama, da ƙarfi, a gaban uwarsa da mutanen unguwa.

"Yusha'u! Zo ka gani."

Ya shigo da carbi a hannu, ya tsaya a kanta. Hajiya ma ta taso ta leƙo ta bayansa. Ummu ba ta ɗago ba, ta nuna ƙasa da yatsa.

"Suna sha," in ji ta. "Ku tsaya mu jira su mutu."

Muka tsaya. Har rana ta bar katangar muna tsaye, kiyashi suna ta zuwa suna komawa.